Kwamfutar mai zane daban, sabar daban: abin da ya faru a wata maɗaba'a a Kaduna

Wata Litinin cikin Janairu na 2023, hunturu na kaɗawa, Alhaji ya kira ni tun kafin ƙarfe takwas. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Injiniya, don Allah ka bar abin da kake yi ka zo, aikinmu gaba ɗaya ya ƙi buɗewa." Maɗaba'arsa tana tsakiyar garin Kaduna, a ɗaya daga cikin layukan da ke bayan titin Ahmadu Bello, ba nisa da kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Lokacin kuwa kakar masu buga fosta ce. Zaɓen shugaban ƙasa yana ranar 25 ga Fabrairu, na gwamnoni yana biye a watan Maris, yaran 'yan siyasa suna ta sintiri a shagon dare da rana, kowa na cewa nasa aikin za a fara yi.

Na tarar da babban mai zane ya zuba tagumi a gaban allo. Kowane fayil an liƙa masa wasu haruffa huɗu a ƙarshen sunansa, ga kuma wani ɗan rubutu mai suna _readme.txt ana neman dala 980, ko 490 idan an biya cikin awa 72. Cutar da ake kira STOP ko Djvu ke nan, kuma hanyar da ta fi bi ta shiga kwamfuta ita ce manhajar sata, irin wadda ake saukewa tare da abin fasa lasisi. Da na tambaye shi, bai ɓoye ba. Ya ce daren Asabar wani kwastoma ya kawo zanen da aka ajiye da sabon CorelDRAW, manhajar da suke zane da ita, nasa tsoho ya ƙi buɗe shi, shi ne ya shiga intanet ya sauko da sabon. Kamfanin Emsisoft yana da manhajar kwance wannan kulli kyauta, amma tana cin nasara ne kawai idan cutar ta kulle fayilolin ba tare da ta samu intanet ta karɓo makulli na musamman ba. Tamu ta samu. Na ce wa Alhaji kada ya biya ko sisi, don babu tabbacin za su ba da makullin, kuma ya yarda.

Abin da ya mai da wannan ɓarna babba shi ne yadda aka tsara shagon. Kwamfutoci tara ne: uku na masu zane, biyu na masu buga rubutu, ɗaya tana tuƙa babban injin buga bana, wato manyan kyallayen talla, ɗaya ta akawu, ɗaya a kan kanta inda ake karɓar aiki, sai ta tafi-da-gidanka ta Alhaji. Abin da suke kira "sabar" kuwa, wato kwamfutar da ke ajiye fayilolin kowa, kwamfutar babban mai zanen ce da kanta. Ya buɗe wata folda kowa yana shiga, shi ke nan. A kanta yake zane, a kanta yake cusa filashin kwastomomi, a kanta yake kallon ƙwallo idan aiki ya lafa, kuma a kanta aikin shekara shida yake kwance: tambarin makarantu, kalandar masallatai da ƙungiyoyi, katunan ɗaurin aure, jotocin biki, fostocin 'yan takara. Kwana uku muka yi muna tsintar abin da za a tsinta daga sauran kwamfutocin da filasai da saƙonnin WhatsApp da aka tura wa kwastomomi. Abin da ya dawo bai kai rabi ba.

Gardamar da ta biyo baya

Ɗan Alhaji ya gama karatun kwamfuta bai daɗe ba, yaro ne mai kaifin basira, kuma yana ƙaunar Linux ƙwarai, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, wadda Ubuntu wani nau'inta ne. Ya ce, "Baba, a goge Windows a duka kwamfutocin nan a sa Ubuntu. Kyauta ce, babu sata, kuma irin wannan cutar ba ta kama ta." Maganarsa tana da tushe. Cutar Djvu don Windows aka ƙera ta. Linux kuma ba sabon abu ba ne: tun 1991 Linus Torvalds ya fara ta yana ɗalibi a Helsinki, Ubuntu ta fito a 2004, wayar Android da ke aljihun kowannenmu a kan ƙashin Linux aka gina ta, kuma tun ƙarshen 2017 manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya duk Linux suke amfani da ita. Alhaji da ya ji kalmar kyauta, ga shi zuciyarsa na tafasa, sai ya ce a yi.

Ni na san akwai matsala a gaba, amma ban tsaya na hana ba. Na ce a gwada a kan kwamfuta ɗaya ta masu zane. Kuskurena shi ne na yarda a yi gwajin a tsakiyar kakar zaɓe, a kan yaron da ke da aiki jibge a gabansa, maimakon in ɗauko wata kwamfutar daban in gwada a gefe.

Muka sa masa Ubuntu, muka sa Inkscape a madadin CorelDRAW, GIMP a madadin Photoshop. Kafin azahar aka kawo fostar wani ɗan takarar majalisa a filashi, fayil ɗin CorelDRAW ne kamar yadda kusan kowane fayil da ke yawo tsakanin masu zanen Kaduna yake. Inkscape ta buɗe shi, amma ina tsaye a bayansa ina kallo: hoton ɗan takarar da aka cusa cikin da'ira ya fito waje ya rufe rabin sunansa, inuwar da ke bayan rubutun ta ɓace, layin taken jam'iyya ya zame ya hau kan tambari. Yaron ya yi ta ja da linzami yana neman inda kayan aikinsa suke, yatsunsa suna danna maɓallan da suka saba da su shekara da shekaru, babu abin da ke amsawa. Ya juyo ya ce mini, "Oga, wallahi kamar an ɗaure mini hannu." Aikin da yake gamawa cikin minti ashirin ya cinye masa awa biyu, kuma da aka buga gwaji sai koren ya fito wani iri, mai kawo aikin ya ce wannan ba launinsu ba ne.

Dalilin a fili yake. Kamfanin Corel na Kanada, wanda ya fito da CorelDRAW tun 1989, yana yin ta ne don Windows da macOS. Adobe ma haka take da Photoshop da InDesign. Tsarin fayil ɗin CorelDRAW ba a bayyana shi ga jama'a ba, masu manhajojin kyauta bin diddigi suka yi suka gano abin da suka gano, shi ya sa zane mai sauƙi yake buɗewa lafiya, mai sarƙaƙiya kuma ya wargaje. Sai batun launi. Allo yana haɗa launi da haske uku, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, abin da masu sana'ar ke kira CMYK. Inkscape a kan launin allo aka gina ta. Akwai Scribus da ke iya fitar da PDF mai launin tawada, amma wannan ƙarin zango ne, kuma ba shi zai gyara fayil ɗin da kwastoma ya kawo ba. Ɗan Alhaji ya kwana yana ƙoƙarin tayar da CorelDRAW ta cikin Wine, manhajar da ke sa wasu kayan Windows su yi aiki a Linux. Bai samu abin da za a dogara da shi a yi aikin kuɗi ba. Washegari muka mayar wa yaron da Windows ɗinsa.

Inkscape da GIMP manhajoji ne masu kyau, kuma mutumin da ke zane shi kaɗai daga farko har ƙarshe zai iya cin abinci da su. Maɗaba'a kuwa ba ita kaɗai take zaɓar kayan aikinta ba. Kwastoma ne ke kawo fayil, maƙwabci ne ke aiko aikin da injinsa ba ya iya bugawa, yaron da za ka ɗauka gobe a wani shagon ya koyi sana'a kuma Corel ya koya.

Takarda da biro

Bayan wannan na roƙi Alhaji ya ba ni yammaci ɗaya da ma'aikatansa. Na bi kowace kwamfuta na zauna da mai ita, na tambaye shi abu biyu: wane aiki kake yi a nan daga safe zuwa dare, kuma wace manhaja ce idan babu ita yau sai ka tashi ka tafi gida? Da na gama rubutawa, takardar da kanta ta raba gardamar.

Masu zane uku sai Corel da Photoshop, don haka Windows. An yi maganar Mac, tunda manhajojin biyu suna aiki a kanta, amma kuɗin Mac ɗaya zai sayi irin kwamfutocinsu da yawa, ga wahalar kayan gyara. Kwamfutar injin bana ta fi kowacce taurin kai. Manhajar Maintop ce ke fassara zane zuwa ɗigon tawadar da injin ke fesawa, tana da ɗan makullinta da ake cusawa a ramin USB, kuma a kan Windows 7 mai kawo injin ya ɗora ta. Microsoft ta daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020. Ban taɓa ta ba, don injin da ke kawo mafi yawan kuɗin shagon ba abin gwaji ba ne. Na dai yanke mata intanet gaba ɗaya, na hana cusa filashi, na bar mata ƙofa ɗaya: folda guda da take iya ɗaukar aiki daga ciki amma ba ta iya rubuta komai a cikinta.

Masu buga rubutu sun ba ni mamaki, don na ɗauka a nan Linux za ta shiga ba gardama. LibreOffice tana buɗe fayil ɗin Word. Amma yawancin aikinsu kundin kammala karatu ne na ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, masu shafi tamanin ko ɗari, da jadawali da lambobin shafi da malami ya riga ya duba. Layi ɗaya ya zame, babi na uku ya koma wani shafin, jerin abubuwan da ke ciki ya daina dacewa, ɗalibi ya dawo yana faɗa. Suka zauna a kan Windows da Word. A wurinsu ne kuma na sake cin karo da tsohuwar matsalar rubutun Hausa, wato salon haruffan nan na da, da ake danna } ya ba da ƙ, a danna ] ya ba da ɗ, a danna ~ ya ba da ɓ. Kwamfutar da ba ta da salon sai ta nuna maka "}asa" a maimakon ƙasa. Wannan ba laifin Windows ko Linux ba ne, dukansu suna da allon rubutu na Hausa mai haruffa masu lanƙwasa na gaskiya. Na tara tsofaffin salon a wuri ɗaya saboda tsofaffin ayyuka, na roƙe su su riƙa buga sabon aiki da haruffan zamani.

Kwamfutar kan kanta ce kaɗai ba ta da wani uzuri. Imel, WhatsApp ta burauza, rubuta rasit, duba ko kuɗi sun shigo, musamman a wancan lokacin na ƙarancin takardun naira da kowa ya koma taransifa. Ita muka sa wa Linux Mint, kuma yarinyar da ke wurin ta saba da ita cikin kwana biyu. Muka kafa doka cewa duk filashin kwastoma a nan za a fara cusa shi, a kwashe fayil ɗin aikin kawai a tura ciki.

Sabar

A nan lissafin ya juya gaba ɗaya. Da na rubuta abin da ake so sabar ta yi, ban ga Corel ba, ban ga Word ba. Ana so ta ajiye fayiloli, ta ba kowa nasa da kalmar sirrinsa, ta riƙe tsofaffin kwafi, ta kwana ta wuni a kunne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai manhajarsa a Linux, tsohuwa, gogaggiya, kyauta. Samba, wadda Andrew Tridgell ya fara a Ostireliya a 1992, tana sa Linux ta yi magana da Windows da yaren raba fayil na Windows ɗin, har mai zane ya ga foldar a kwamfutarsa kamar kullum ba tare da ya san me ke bayanta ba.

Na duba Windows Server. Tana aikin sarai, amma lasisinta da dala ake saye, sannan kowane ma'aikaci ko kowace na'ura da za ta shiga sai an saya mata nata izinin daban. Na san inda maganar za ta ƙare idan na kawo wannan lissafin: wani zai ce akwai ta a faifai a kasuwa, mu koma gidan jiya. Na kuma duba ɗora Windows 10 a wata kwamfutar a ajiye ta gefe. Tana karɓar na'urori har 20 a lokaci guda, mu kuwa tara ne, don haka za ta ɗauka. Abin da ya hana ni shi ne halin mutane. Kwamfuta mai allo da linzami da burauza, a shagon da aiki ke yin yawa, ba za ta yi wata guda ba sai wani ya ja kujera ya zauna a kanta "na minti biyar kawai". Ubuntu ta sabar ba ta da hoto ko ɗaya, baƙin allo ne da farin rubutu. Na cire mata allon ma gaba ɗaya bayan na gama. Babu wanda zai yi sha'awarta, kuma a ganina wannan yana cikin manyan kariyarta.

Muka sayi kwamfuta ta hannu mai Core i5 da ƙwaƙwalwa gigabait 8, da sababbin faifan ajiya biyu masu terabait 4 kowanne. Na sa Ubuntu 22.04, irin fitowar da kamfanin Canonical ke yi duk shekara biyu a watan Afrilu yana kuma kula da ita shekara biyar. Faifan biyu na haɗa su da tsarin ZFS, duk abin da aka rubuta a ɗaya yana kan ɗayan, idan guda ya mutu aiki bai tsaya ba. Na ajiye ta a ofishin Alhaji, sama da ƙasa saboda ƙura, da UPS da aka haɗa da ita ta waya, yadda idan an ɗauke wuta kuma ba a tayar da janareta da wuri ba za ta kashe kanta cikin natsuwa.

Akwai abin da na zaunar da ɗan Alhaji na nanata masa, don shi zai riƙa kula da ita. Na ce, "Ƙanena, kada ka ɗauka don sabar Linux ce fayilolin sun tsira. Idan cuta ta kama kwamfutar mai zane, duk foldar da yake iya rubutu a cikinta ita ma cutar tana iya kulle ta, ko a kan me take zaune." Faifai biyun ma ba za su cece ka ba, don kullallen fayil ɗin za su kwafa su biyun. Abin da ke ceto shi ne hoton da ZFS ke ɗauka na yadda fayiloli suke, wanda na saita duk awa ɗaya. Wannan hoton ba ya gyaruwa daga kwamfutocin ma'aikata, karantawa kawai ake yi. Bayan shi kuma akwai faifai na waje da ake kwafa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya tafi da shi gida, saboda gobara da ɓarawo ba ruwansu da ZFS.

Abu biyu sun ƙi bin tsarin. Na farko tsohon injin fotokofi da ke tura sikanin cikin folda. Ya ƙi ganin sabar ƙememe. Na gano tsohon yaren SMB1 kawai yake ji, wanda Samba ta rufe shi tun 2019 sai in kai ka buɗe da hannunka. Ta ramin da ke cikin wannan yaren a Windows ne cutar WannaCry ta bi a watan Mayu na 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Ban buɗe shi ba. Na sa injin ya riƙa tura sikanin ta FTP, wata hanyar tura fayil daban, zuwa folda ɗaya tak da ba ta haɗu da komai ba.

Na biyu manhajar akawu. Sage 50 yake amfani da ita, wadda har yau yake kira da tsohon sunanta Peachtree, kuma rumbun bayananta yana son zama a kan Windows. Ɗan Alhaji ya so a mayar da shi kan sabar don komai ya zama wuri ɗaya. Na ƙi. Lissafin kuɗin mutane ba wurin dabara ba ne. Ya zauna a kwamfutar akawu, kullum da yamma kafin ya tashi yana fitar da kwafin ajiya ya jefa a foldarsa ta sabar. Da a ce mutum biyar ne ke shiga wannan manhajar a lokaci guda, da na ba Alhaji shawarar ya sayi Windows Server saboda ita, ban kuma ji kunyar faɗa ba. Ƙa'idar da ta hana Linux zama a teburin mai zane ita ce dai za ta iya hana ta zama a sabar, idan manhajar da ake buƙata ba ta wurin.

Saura maganar da ta fi nauyi, wato lasisi. Na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, duk abin da muka gina, idan yaran nan suka ci gaba da sauke manhajar sata, ƙofar da ɓarawo ya shigo tana nan a buɗe." Ya yi shiru, ya ce, "Araha dai ba ta ado." Bai iya sayen na kowa a lokaci ɗaya ba. Ya fara da CorelDRAW na gaskiya a kwamfutar babban mai zane, yadda duk fayil ɗin da aka kawo na sabon fitowa a nan za a buɗe shi a ajiye shi da tsohon tsari don sauran. Na kuma cire wa kowa ikon ɗora manhaja, kalmar sirrin tana hannun Alhaji da ɗansa.

Bayan shekara biyu

Tsarin ya sha gwaji sau ɗaya da ya dace a ambata. Ana gab da babbar sallah a 2024, wani sabon yaro ya goge foldar wata makarantar Islamiyya gaba ɗaya yana ƙoƙarin share tarkace, har da takardun shaidar sauka na ɗalibai da za a buga washegari. Ɗan Alhaji bai ma kira ni ba. Ya shiga hoton ƙarfe goma sha ɗaya na safe ya dawo da ita, sai daga baya yake ba ni labari.

Sai kuma 14 ga Oktoba 2025 ta zo, ranar da Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum. Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, ko makamancinsa na AMD. Muka sake ɗauko takardar nan. Biyu daga cikin kwamfutocin masu zane sun cika sharaɗi, aka ɗaga su. Ta ukun ba ta cika ba, aka saya wa mai ita wata, ita kuma tsohuwar aka sa mata Linux Mint ta zama kanta ta biyu, inda ɗalibai ke zama su duba PDF ɗin kundinsu kafin a buga. Sabar ba ta san ana yi ba, tallafinta yana nan har Afrilu 2027, kuma mun sa ranar ɗaga ta zuwa 24.04 a lokacin da aiki ya yi sauƙi.

Kwamfutar injin bana tana nan a kan Windows 7, a killace, fankarta tana ƙara. Na sa Alhaji ya sayi wata irinta sak ta hannu, na kwafe faifanta gaba ɗaya a kai, muka gwada ta da makullin Maintop ɗin ta buga bana ɗaya lafiya, sannan muka naɗe ta a leda muka ɗora a saman kabad. Kakar zaɓen 2027 tana matsowa, kuma Alhaji ya fara maganar sabon inji. Na roƙe shi abu ɗaya, cewa kafin ya biya kuɗi ya bar ni in tambayi mai sayarwa wace manhaja ce ke tuƙa injin, kuma a kan wace Windows take tashi.